Darasi: Neman Maganin Raɗaɗi a Amurka

A Amurka akwai miliyoyin mutane masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kamar ciwon baya da na gaɓoɓi da na jijiya. Wasunsu sun shekara goma ko fiye suna shan magunguna masu ƙarfi, dangin mofin, waɗanda ba a sayarwa sai da takardar likita.

A da samun wannan takarda ba wuya. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, ya tallata shi ga likitoci da cewa da wuya ya kama jikin mai shansa. Ashe ba haka ba ne. A 2007 aka ci kamfanin tarar kimanin dala miliyan 600 saboda wannan yaudara, amma kafin nan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Daga nan hukuma ta shiga tsuke bakin jaka. A 2014 aka ɗaga matsayin magungunan da ke ɗauke da haidurokodon, ya zama takarda ɗaya saye ɗaya. In magani ya ƙare, sai an nemi sabuwa. A 2016 kuma Cibiyar Yaƙi da Cututtuka, wato CDC, ta shawarci likitoci su guji kai majiyyaci ga abin da ya yi daidai da miligiram 90 na mofin a rana, sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Shawara ce kurum, amma jihohi da kamfanonin inshora da kantunan magani suka riƙe ta tamkar doka. Likita kuwa yana tsoron rasa lasisinsa. Sai aka wayi gari ana zabge wa tsofaffin majiyyata magani rana tsaka, wasu ma a sallame su ɗungurungum. Alhali jikin da ya saba da magani ba a yaye shi da gaggawa: zufa da amai da rashin barci kan biyo baya, ciwon ya dawo sabo. Wasu suka koma sayen na bayan fage, wasu suka kashe kansu. A Afrilun 2019 Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, ta gargaɗi likitoci kan yanke magani farat ɗaya.

Mace-mace kuwa ba su ragu a lokacin ba. Waɗanda ƙwaya ta kashe sun tashi daga kimanin 63,000 a 2016 zuwa sama da 100,000 a 2021, galibi saboda fentanil na haram, wanda babu ruwansa da takardar likita.

A Nuwamban 2022 CDC ta sabunta shawararta. Ta ce adadin ba shinge ba ne, a duba halin kowane majiyyaci, kuma shawarar ba ta shafi raɗaɗin sankara ko na sikila ba. Sai dai canza shawara ya fi canza doka sauƙi, don dokokin jihohi ba sa sauyawa sai majalisunsu sun zauna.

Tambayoyi
1. Mece ce ma'anar "tsuke bakin jaka" a nan?
2. Don me likitoci suka riƙa zabge magani?