Amsar Tambaya: Adana kayan lambu a ruwan gishiri

Wata uwargida daga Unguwar Mu'azu a Kaduna ta ce karas da kabeji sun yi araha a kasuwar Bakin Dogo, ga rashin wuta, yaya za ta adana?

Hajiya, kakanninmu shanya suka sani, kamar kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa. Tsimawa a ruwan gishiri kuwa tsohuwar dabara ce.

Ki tafasa ruwa lita 1 da gishiri giram 30, ya huce. Yanka karas da kabeji, ki cusa a wankakkiyar kwalba da tafarnuwa da attarugu, ki zuba ruwan gishirin, ki danne su ruwan ya sha kansu. Wanda ya leƙo sama shi ke fumfuna. Kullum ki sassauta murfi iska ta fita. A zafin Kaduna kwana 4 ko 5 tsami ya kama. In ya yi yauƙi ko wari, zubar.

Tumatir dai, shanya shi ya fi.