Ranakun Ƙungiyar Aiki Su Ma Lissafin Gida Ne

A gidan da maigida lauya ne, ko uwargida likita ce, akwai ranakun da ba a gida aka tsara su ba, amma daga kuɗin cefane ake biyansu. Sanarwar ƙungiya kan shigo waya, a karanta a tsaitsaye, a manta, sai wa'adi ya ƙarato a shiga neman rance. Ga abin da zai rage wannan wahala.

1. Ku zauna tun farkon shekara ku rubuta ranakun biya, kusa da inda kuka rubuta kuɗin makaranta da na haya. Lauya a Najeriya yana da wa'adin 31 ga Maris na biyan kuɗin izinin aiki na shekara. Likita kuwa ana son ya sabunta lasisinsa kafin Disamba ta ƙare, in ya makara akwai tara. Ku duba da me ranar za ta haɗu. A 2025 ƙaramar salla ta faɗo ranar 30 ga Maris, kwana ɗaya tak kafin wa'adin lauyoyi, lokacin da ɗinkin yara da hidimar azumi sun riga sun kwashe abin da ke hannu. Wanda ya biya tun Janairu bai san an yi ba. Tun ran gini ran zane.

2. Hukuma daban, ƙungiya daban, kuma kowacce da kuɗinta. MDCN ce ke ba likita lasisi, NMA kuwa ƙungiyarsa ce. Haka injiniya yake tsakanin COREN da NSE, malamin makaranta tsakanin TRCN da NUT. Don ana cire wa mutum kuɗin ƙungiya daga albashi, wannan bai nuna lasisinsa na da rai ba. Ga kuma kuɗin reshen ƙungiya, wanda shi aka fi mantawa.

3. Babban taron shekara shi ne mai cin kuɗi. Na lauyoyi yakan zo a ƙarshen Agusta, makonni kaɗan kafin yara su koma makaranta a Satumba, ga kuɗin zango, ga littattafai, ga sabon yunifom. Rajista kaɗai ba ita ce tafiyar ba: akwai mota ko jirgi, masauki na kwanaki, abinci, da tsarabar da ba wanda ya sa a lissafi amma kowa a gida yake jira. Waɗanda suka yi rajista da wuri ana yi musu rangwame, saboda haka a yanke shawara da wuri. Kuma a ganina ba dole ne a je kowace shekara ba. In zuwan zai hana yaro komawa aji a kan lokaci, a haƙura, a halarci taron reshe na wata-wata, wanda a cikin gari ake yinsa, can ne ma ake sanin juna har a turo wa mutum aiki.

4. Rajista da wuri, i. Biyan otal da wuri, a yi hattara. Taron ƙungiyar lauyoyi ta NBA na 2025 a Fatakwal aka shirya shi, amma bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas sai aka mayar da shi Enugu. Kafin ku biya masauki ko tikiti, ku tambaya ko ana mayar da kuɗi in an fasa.

5. Kwasa-kwasan ƙarin ilimi da ake tara maki da su don sabunta lasisi, kada a bar su sai ƙarshen shekara. Da yawansu yanzu ta intanet ake yi. Abin da gida zai bayar shi ne awa biyu na shiru da waya mai caji.

6. Ku gargaɗi kowa a gida game da masu kira da sunan ƙungiya. Sukan ce akwai taro ta Zoom da yamma, an turo maka lambobi shida, ka karanto musu don a sa sunanka. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Da ka faɗa, sun karɓe shi, su fara roƙon abokan aikinka kuɗi da sunanka. Yaro ko matar gida da ta ɗauki wayar ma za ta iya faɗa musu da kyakkyawar niyya. Kuɗin ƙungiya kuma ba a tura shi asusun wani mutum, sai ta shafinta ko asusun da ke ɗauke da sunanta.

7. Rasit, katin zama memba da lasisi su zauna a jaka ɗaya, kuma abokin zama ya san inda take. Maganar ba ta da daɗin ji, amma wasu ƙungiyoyin, har da NBA, suna da inshorar rai ga wanda ya biya a kan lokaci, rassa da dama kuma suna da asusun tallafa wa iyalin mamaci. Abin da za a fara nema daga iyali shi ne shaidar biya. A kuma duba sunan da aka rubuta a gurbin magaji: wasu tun suna samari suka sa sunan yayansu, yau ga mata ga 'ya'ya huɗu, takardar tana nan yadda take.