Darasi: Tsare Lokaci Da Tattara Hankali Wajen Aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Darasinmu na wannan fitowa a kan lokaci yake, da yadda mutum zai tattara hankalinsa wajen aiki ba tare da ya kashe jikinsa ba. Ko kai ɗalibi ne, ko malamin firamare a Safana, ko tela a Batsari, ko manomin rogo a Ruma, ko mai POS a Runka, jarinku ɗaya ne. Kowa awa 24 yake da ita a kwana, wato minti 1,440. Ba a ƙara wa Hakimi ko minti ɗaya ba, ba a kuma rage wa almajiri ba.

Ka san halin da ƙasarmu ta shiga. A shekarun 2019 zuwa 2021, lokacin da rashin tsaro ya yi tsanani a garuruwan da ke gefen dajin Rugu, manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa. Wanda ya samu fita ma, sai ya yi sauri ya dawo gida tun rana ba ta yi sanyi ba. Damina kuwa ba ta jiran kowa. Idan lokacin noman fari ya wuce, ciyawa ta ci gero, babu gyara sai baɗi. Wanda awowinsa na aiki suka ragu haka, shi ya fi kowa bukatar sanin inda sauran suke zurarewa.

To, ina suke zurarewa? Bari mu yi lissafi. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya WhatsApp da Facebook da TikTok suka biyo baya. A ce awa 2 kake yi kullum kana latsa waya ba don wata bukata ba. A shekara ka yi awa 730 ke nan, wato kwana 30 cur, dare da rana. Ka ga wata guda ya tafi. Mai karanta izu 2 kullum, a cikin kwana 30 yake sauke Alƙur'ani.

Ka tuna watan Satumba na 2021, da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana. An yi kusan wata uku a haka. An sha wuya ƙwarai: ciniki ya tsaya, tura kuɗi ya gagara, mai son jin lafiyar ɗansa sai ya yi tafiya neman sabis. Wannan ya nuna mana cewa waya kayan aiki ce, babu mai cewa ka jefar da ita. Amma ka tambayi kanka, ka kuma faɗa wa kanka gaskiya: cikin abin da ka rasa a watannin nan, nawa ne bukata, nawa ne sabo kawai? Amsar da ka samu, da ita za ka auna zamanka da wayar yau.

Ga hanyoyi biyar da za su taimake ka.

Na farko, aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Dubi yadda ake karatun allo. Yaro zai rubuta abin da zai iya ɗauka, a biya masa, ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan ya wanke a ƙara masa. Ba a cika masa allo da surori uku a tare. Gardawa kuma kan fice bayan gari, su tafi kiskali, don kada hayaniya ta raba musu hankali. Dalili kuwa, hankali idan aka fizge shi daga wani aiki, ba ya komawa nan take, sai ya sake neman inda ya tsaya. Tela da ke yanka yadi yana amsa saƙo, shi ne zai ɓata wa mutane shadda. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na biyu, ka rataya ayyukanka a jikin lokutan salla. Salloli biyar sun riga sun yanka maka yini gida-gida. Daga Asuba zuwa hantsi jiki na da ƙarfi, gari da sanyi, kai a sake, sai ka sa aiki mafi nauyi a nan: hadda, huɗa, lissafin shago, shirya darasi. Hira da ziyara da duba saƙonni, ka tura su bayan La'asar. Da sanyin safiya ake kama fara.

Na uku, ka rubuta tun da dare. Kafin ka kwanta, ɗauki takarda ka rubuta abu uku da za ka yi gobe, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Kada su wuce uku. Abin da ke kan takarda ya daina yi maka yawo a kai, kuma da safe ba za ka tsaya inda-inda ba.

Na huɗu, ka yanka aiki ƙanana, ka huta a tsakani. Wani Ba'italiye mai suna Francesco Cirillo ya fito da wata dabara a ƙarshen shekarun 1980: ka yi aiki minti 25 babu waiwaye, ka huta minti 5, sannan ka koma. Ka jarraba wajen tilawa ko makin takardun yara. Amma fa a cikin minti 25 ɗin nan, waya ta kasance a ɗaki daban, ko a ƙasan jaka, a kashe mata ƙara.

Na biyar, ka ba jiki haƙƙinsa. Likitoci sun ce babba na bukatar barcin awa 7 ko fiye, matashi kuwa awa 8 zuwa 10. Mai tashi Asuba da ƙarfe 5, idan ya kai 12 na dare yana kallon bidiyo, awa 5 kaɗai ya samu. Gobe sai gyangyaɗi a aji, da saurin fushi, da mantuwa. Hasken waya da dare yana kore barci, don haka ka ajiye ta bayan Isha. Ƙailula ma ka riƙe ta, ko ta minti 20 ce, musamman da bazara, daga Maris zuwa Mayu, kuma ka yawaita shan ruwa. Malamanku sun karantar da ku labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, yadda Salmanu ya hana ɗan'uwansa takura wa jikinsa da iyalinsa, ko da kuwa da ibada ne, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. To, ina ga takura wa jiki don neman kuɗi?

A nan dole mu ja kunnen samari. Akwai masu shan ƙwaya, irin su tiramol, wai don su yi noma ko lodin kaya ba gajiya. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, jin gajiyar kawai take rufewa, jiki kuwa yana ci gaba da lalacewa, ga kamu, ga farfaɗiya idan aka zarce. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi saboda irin wannan ɓarna. Gajiya saƙo ce daga jiki, maganinta hutu.

Haka kuma, wanda ya rasa nasa a harin 'yan bindiga, ko ya bar garinsu ba shiri, sau da yawa barci kan ƙi zuwa, hankali ya ƙi zama wuri ɗaya. Idan kana cikin wannan hali kada ka ɗauka lalaci ne. Ka faɗa wa malaminka ko wani babba da ka yarda da shi, ka kuma je asibiti a duba ka. Kai kuma da Allah Ya kare, ka yi wa irin wannan ɗan'uwa uzuri a aji da wurin sana'a.

Aikin gida: daga Asabar zuwa Laraba, ka rubuta lokacin kwanciyarka, da na tashinka, da awowin da ka yi a kan waya. Ka tara su, ka kawo wa malamin ajinku, ku duba tare inda za a gyara.

Allah Ya sa albarka a lokutanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum.