Tagar katako: yadda ake zaɓen wadda za ta tsare gida

A ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Cikal da Tukunus, mutane da yawa suna gina ɗakin laka. Wasu magidanta suna tsoron ɓarawo, sai su gina ɗaki babu taga, ko su toshe ta da laka. Wannan kuskure ne. Taga mai kyau tana hana ɓarawo shiga, tana barin iska ta shiga, tana ba mutane hanyar fita ranar gobara.

Amfanin iska

Lokacin ɗari ana shiga ɗaki da garwashin gawayi. Gawayi yana fitar da iska mai guba, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Idan ɗaki a rufe yake, tana iya kashe mai barci. Tarin fuka da sanƙarau ma suna saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe babu iska. A shekarar 2015 sanƙarau ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500.

Zaɓen icce

Babban abokin gaban katako shi ne gara. Tana cin ciki ta bar baya, har yaro ma ya iya fasa tagar. Sai a zaɓi busasshen katako mai kauri, wanda ba shi da huji. Ɗanyen icce yana lanƙwashewa idan ya bushe, sai murfin taga ya ƙi rufuwa. A shafa fenti kafin a kafa taga. Kada a sare gawo don yin taga: dokar daji ta shekarar 2004 ta kare itatuwa, kuma gawo yana gyara gona. Mai son icce ya nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji.

Wurin kafa taga

Hadarin damana yakan taso daga gabas, saboda haka tagar gabas ta fi shan ruwa. A sa azara ta giginya bisa taga, ta wuce kowane gefe da taƙi ɗaya, don kada nauyin laka ya karya katako. A kafa taga tun ana gini, da dogayen ƙusoshi cikin bango. Wadda aka liƙa daga baya tana da sauƙin cirewa.

Sakata da ƙarfe

Sakata tana zama ta ciki, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Idan za a sa sandunan ƙarfe, kada tsakaninsu ya wuce santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannun babba, don kada kan yaro ya maƙale. A ƙara raga mai ƙananan idanu saboda sauro, amma a ci gaba da kwana cikin gidan sauro.

Ranar gobara

Gobara ta koya wa wasu ƙasashe darasi. A shekarar 1666 wuta ta cinye gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan na ƙasar Ingila. A can ana yin tagar katako da gilashi mai zamewa sama da ƙasa. A 1709 aka yi doka cewa a tura katakon taga cikin bango da santimita 10, don kada wuta ta kama shi da sauri. Magini a Kurfai ma yana iya yin haka, ya kuma nisanta taga da murhu da danga.

Ɗakin kwana yana da ƙofa ɗaya. Idan wuta ta tare ta, sai taga. Don haka a bar taga ɗaya wadda babba zai iya fita ta cikinta. Idan tana da ƙarfe, a ce wa maƙeri ya yi shi mai buɗewa daga ciki, a rataye mabuɗi kusa, inda kowa ya sani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki?
2. Santimita nawa ake bari tsakanin sandunan ƙarfe?
3. Ta ina mutanen gidanku za su fita idan wuta ta tare ƙofa?