Yadda Ake Rina Ƙwayoyin Bakteriya Ka Ɗauki Hotonsu Da Wayarka

Da yawanmu mun ga hotunan ƙwayoyin bakteriya a TikTok da Facebook, waɗanda aka ɗauka da waya ta cikin maikiroskop, wato madubin likita. Tambayar da aka fi yi a ƙarƙashinsu ita ce: wace waya ce wannan? Gaskiyar magana, waya ba ta da wani babban rabo a ciki. Ko Tecno ce ko iPhone, idan ba a shirya gilashin da kyau ba, hazo kawai za ka ɗauka.

Dalili kuwa shi ne yawancin bakteriya tsawonsu bai wuce maikiromita 1 zuwa 5 ba, kuma kusan ba su da launi, haske ratsa su yake yi kamar ruwa. Sai an rina su ido ko kyamara ke iya rarrabe su.

Ka fara da yogot ko kindirmo. Cike suke da bakteriyar da ke sa madara tsami, kuma ba su da haɗari. Kada ka kuskura ka taɓa majina ko mugunyar ciwo, wannan aikin ma'aikatan lab ne.

Wanke siririn gilashin da ake kira sulaid, ka goge shi tas, domin maiƙon yatsa kaɗai yana hana ruwa bazuwa. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a tsakiya, ka dangwalo kindirmo da bakin tsinken sakace, ka gauraya, ka baza shi ya kai faɗin farcen babban yatsa. A nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓata aikinsu: suna ganin kamar sun sa kaɗan, sai su ƙara. Idan shimfiɗar ta yi kauri, ƙwayoyin hawa kan juna suke yi, haske ba ya wucewa. Ma'aunin da nake bi: in ka ɗora gilashin a kan rubutun jarida, ya kamata ka iya karanta shi.

Bar shi ya bushe da kansa. Bayan nan ka riƙe shi da matsen shanya, shimfiɗar na kallon sama, ka gitta shi ta kan harshen wuta sau biyu ko uku da sauri. Wannan yana kashe ƙwayoyin, ya manna su kada ruwa ya tafi da su. Ɗumi ake so. In ka taɓa bayan hannunka da shi ka ji ƙuna, ka dafa su, siffarsu ta lalace.

Sai rini. GV ɗin nan na kemis da ake shafa wa ciwo ya isa. Rufe shimfiɗar da shi na minti ɗaya, ka zuba ruwa a hankali ta gefe har ya daina fita da launi, ka danna takarda mai shan ruwa a kai ba tare da gogewa ba. Wannan rinin ne matakin farko na hanyar da Hans Christian Gram, ɗan ƙasar Denmak, ya fito da ita a 1884, wadda asibitoci ke amfani da ita har yau. Su suna ƙara aidin, da giyar wanki ta 'yan daƙiƙu, da jan rini, don raba bakteriya gida biyu.

Fara dubawa da ƙaramin gilashi, sannan ka hau. A ninki 400 za ka ga 'yan sanduna da ɗige-ɗige jere kamar carbi. Ganinsu sosai sai ninki 1000, shi kuma yana buƙatar ɗigon mai na musamman.

Wajen ɗauka, kashe filasha da yanayin dare, don yana shafe ƙananan abubuwa. Kada ka manna kyamara da wurin sa ido, ja baya kaɗan har da'irar haske ta cika. Danna allon ka riƙe don kulle fokas, sannan ka sa taima ta daƙiƙa uku saboda rawar hannu.