Yadda Ake Canza Matatar Mai ta Motar A-Kori-Kura a Gida

GABATARWA

Motar a-kori-kura ita ce jakin manomin zamani. Da ita ake kai taki da iri gona, da ita kuma ake kwaso amfani zuwa rumbu ko kasuwa. Idan ta tsaya a hanya da kwandunan tumatir ko tattasai a bayanta, asarar ba ta tsaya ga kuɗin gyara kaɗai ba, domin kayan gwari ba sa jiran bakanike. Sau da yawa abin da ke tsayar da mota haka ƙaramin abu ne, wato toshewar matatar mai, wadda makanikai ke kira filtar mai.

An shirya wannan jagora domin malaman gona da manoma masu mota, da kuma ƙungiyoyin manoma da suka mallaki mota ɗaya a tsakaninsu. Zai nuna maka aikin matatar mai, da alamomin toshewarta, da yadda za ka canza ta da hannunka. An ɗauki misalin Toyota Hilux mai amfani da dizal, wato man gas, mai injin 2L ko 3L ko 5L, saboda yawanta a karkara. An kuma yi bayani a kan motoci masu shan fetur.

AIKIN MATATAR MAI

Mai yana tasowa daga tanki, ya bi ta tiyo, ya ratsa matata, sannan ya isa babban famfon injin da ake kira injekta. Shi kuma famfon ya tura man da ƙarfi zuwa nozul, waɗanda ke fesa shi cikin injin. Sassan injekta da nozul a matse suke ƙwarai, har ƙurar da ido ba ya gani tana iya goge su ta cinye su. A cikin matata akwai wata takarda ta musamman da aka nannaɗe, wadda ke tare ƙwayoyin datti da suka fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Aiki na biyu shi ne tare ruwa. Ruwa ya fi dizal nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasan matata. Dizal da kansa ne ke zame wa injekta man shafawa. Idan ruwa ya shiga, sai tsatsa ta kama sassan, su fara cin juna. Kuɗin gyaran injekta ɗaya ya ninka kuɗin matata sau da yawa, kuma gyaran sai an kai wa ƙwararru a birni. Rigakafi dai ya fi magani.

Datti da ruwa suna shiga mai ta hanyoyi kamar haka:

1. Man da aka saya a jarka ko galan a bakin hanya.
2. Duro mai tsatsa, ko wanda aka bari a buɗe ruwan sama ya shiga.
3. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona, musamman idan murfin tanki ba ya rufuwa sosai.
4. Raɓar da ke taruwa a bangon tanki da dare idan man da ke ciki kaɗan ne.

ALAMOMIN TOSHEWAR MATATA

Ka lura da waɗannan alamomi:

1. Mota ta rasa ƙarfi a hawa, ko lokacin da ta ɗauki kaya, alhali tana tafiya lafiya idan ba kaya.
2. Injin ya riƙa shaƙewa ko fizga idan an taka totur.
3. Wahalar tashi, ko mutuwar injin bayan ɗan gudu, sannan ya sake tashi idan ya huta.
4. Kunnuwar fitilar gargaɗin ruwa a allon gaban direba. A wasu motocin har da ƙara.

Kada ka jira sai ka ga waɗannan alamomi. Littafin kowace mota ya faɗi tsawon tafiyar da za a yi kafin a canza matata, kuma a yawancin motocin dizal yakan kama daga kilomita 20,000 zuwa 40,000. Motar da ke aiki cikin ƙura, tana shan man jarka, ya kamata a rage mata wannan adadi zuwa rabi. Idan mitar motarka ba ta aiki, ka canza matatar aƙalla sau ɗaya a shekara, makonni biyu ko uku kafin kaka.

KAYAN DA AKE BUKATA

1. Sabuwar matata mai lamba daidai da ta tsohuwar, tare da zobban robarta.
2. Spanar kwance matata, mai sarƙa ko mai bel.
3. Babbar filaya, da sukurudireba, da ƙananan spanoni.
4. Kwano ko roba mai faɗi don tarar mai.
5. Tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare.
6. Bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara.

Ka tafi kasuwa da lambar tsohuwar matatar a rubuce. Ka guji jabu: ka duba ko zaren bakinta ya fita sumul, ko akwai tsatsa a ciki, ko kwalin ya taɓa buɗewa. Araha ba ta ado, matatar jabu tana barin datti ya wuce ba tare da ka sani ba.

MATAKAN KIYAYE LAFIYA

Ka ajiye motar a fili mai iska, a shimfiɗaɗɗen wuri, nesa da murhu da janareta da tarin ciyawa ko karmami. Ka ja birkin hannu, ka kashe injin, ka zare makulli, ka bar injin ya huce. Ka kwance wayar batir mai alamar (-). Kada a sha taba a wurin, kada a haska da fitilar kwai ko ashana. A nisantar da yara. Idan wuta ta kama mai, a kashe da yashi, kada a watsa ruwa domin ruwa yana yaɗa ta.

YADDA AKE CANZA MATATAR DIZAL

Idan ka buɗe bonet za ka ga matatar kamar gwangwani, a rataye ƙarƙashin wani kai na ƙarfe. A saman kan akwai maɓalli mai faɗi da ake dannawa, shi ne famfon hannu. Tiyo biyu ne ke manne da kan, ɗaya na shigowar mai, ɗaya na fita. A gindin gwangwanin akwai na'urar gano ruwa mai waya, da ɗan marfin tsiyaye ruwa.

1. Goge kan matatar da kewayenta tas kafin ka kwance komai. Ƙasar da ta faɗa ɓangaren da mai ke fita, kai tsaye za ta wuce cikin injekta.

2. Zare soket na wayar na'urar gano ruwa. Ka riƙe soket ɗin ne, kada ka ja wayar.

3. Sanya kwano a ƙasa, ka sassauta marfin gindi, man da ke ciki ya tsiyaye. Ka duba abin da ya fito. Idan akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasan kwanon. Idan ka ga baƙin kauri mai yauƙi, to tankin ma yana bukatar wanki.

4. Idan wurin ya matse, ka kwance tiyo biyun da notunan da ke riƙe da kan, ka fito da shi gaba ɗaya. Ka yi wa kowace tiyo alama don kada ka sauya su, ka kuma toshe bakinsu da leda mai tsabta.

5. Kama gwangwanin da spanar matata, ka kwance shi kamar yadda ake kwance murfin kwalba. Ka tabbata tsohon zoben roba ya fito tare da shi, bai manne a jikin kan ba. Zobe biyu a wuri ɗaya yana jawo yoyo.

6. Kwance na'urar gano ruwa daga gindin tsohuwar matatar da filaya, a hankali, domin roba ce kuma tana fashewa. Wanke ta da dizal mai tsabta, ka ga ɗan abin da ke yawo a jikinta yana hawa da sauka ba tare da maƙalewa ba.

7. Sanya mata sabon zoben roba, ka shafa masa ɗan dizal, ka ɗaura ta a gindin sabuwar matatar. Ka ɗaure daidai, kada ka matse fiye da kima.

8. Shafa dizal a zoben robar da ke saman sabuwar matatar. Ɗaura ta da hannu har zoben ya taɓa kan, sannan ka ƙara juya ta kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Da hannu ake ɗaurewa, spana ta kwancewa ce kawai.

9. Mayar da tiyo da notuna da soket yadda suke, ka tabbata marfin gindi a rufe yake.

Abin lura: kada ka cika sabuwar matata da man jarka kafin ka ɗaura ta. Wani ɓangare na wannan man zai wuce cikin injin ba tare da an tace shi ba.

FITAR DA ISKA

Wannan shi ne matakin da ya fi ba mutane wahala. Sabuwar matata cike take da iska, kuma injin dizal ba ya tashi idan akwai iska a hanyar mai. Ka riƙa danna famfon hannu kana saki. Da farko za ka ji shi sakayau, daga baya ya fara nauyi. Ka ci gaba har sai ya yi tauri. Idan kan matatarka yana da ɗan notin fitar da iska, ka sassauta shi, ka yi ta dannawa har mai ya fito babu kumfa, sannan ka ɗaure.

Mayar da wayar batir, ka tayar da injin. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a lokaci ɗaya. Idan bai tashi ba, ka dakata kamar minti ɗaya, ka sake danna famfon, ka kuma gwadawa. Bayan ya tashi, ka bar shi yana aiki minti biyar, kana duba ko akwai yoyo a saman matata da gindinta da bakin tiyo. Idan famfon ya ƙi yin tauri, to iska na shiga ta wani wuri, wataƙila zoben roba bai zauna ba, ko tiyo ta tsage, ko famfon ya lalace.

SABABBIN MOTOCIN DIZAL

Hilux mai injin D-4D, irin waɗanda aka fara fitarwa daga shekarar 2005, tana da mazubi da ake buɗewa a canza takardar ciki kaɗai. Ƙarfin mai a bututun ƙarfe na irin wannan injin ya wuce ba 1,000, kuma feshinsa yana iya huda fatar mutum. Kada ka kuskura ka sassauta bututun nozul don fitar da iska. Ka tsaya ga famfon hannu, abin da ya wuce haka ka kai wa ƙwararre.

MOTOCI MASU SHAN FETUR

Tsofaffin motoci masu kafireta, irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ƙaramar matata suke da ita a tsakiyar tiyo. Sassauta maɗauran gefe biyu, ka zare tsohuwar, ka sa sabuwar. Akwai kibiya a jikinta, kuma dole ta fuskanci wajen injin.

Motocin fetur masu injekta kuwa, man da ke cikin tiyo yana da ƙarfi ko da an kashe injin. Ka cire fis na famfon mai, ka tayar da injin har ya mutu da kansa, sannan ka kwance batir ka fara aiki. Ka rufe mahaɗar da tsumma lokacin kwancewa. A wasu motocin matatar tana cikin tanki, wannan aikin gareji ne. Ka tuna fetur ya fi dizal saurin kama wuta.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

1. Wanke tsohuwar matata da fetur ko kalanzir a mayar da ita. Dattin ya riga ya shige cikin takardar.
2. Huda matata da ƙusa, ko haɗa tiyo kai tsaye don mota ta kai gida. Wannan shi ke kashe injekta.
3. Ci gaba da tafiya bayan fitilar gargaɗin ruwa ta kama. Ka tsaya, ka sassauta marfin gindi zagaye biyu, ka danna famfon hannu har ruwan ya ƙare mai ya fara fitowa, sannan ka ɗaure da hannu.
4. Zubar da tsohon mai a gona, ko kusa da rijiya, ko a magudanar ruwa. Ka tara shi a galan mai murfi.

KULA DA TSABTAR MAI

Tsawon ran matata ya danganta ga irin man da kake zubawa. Ka sayi mai a gidan man da ka amince da shi. Idan kana ajiya a duro, ka bar shi ya kwana ɗaya cur bayan an kawo shi domin datti da ruwa su kwanta, kuma kada ka zuƙo daga can ƙasa. Ajiye duro a inuwa, a rufe. Kada ka zuba dizal a mazubin da aka shafe da tutiya irin na kwanon rufi, domin dizal yana cin shafen ya toshe nozul. Yi amfani da mazurari mai rariya. Cika tanki da yamma bayan an tashi aiki don rage raɓa. Da damina ka tsiyaye gindin matata kowane mako.

SHAWARA GA MALAMIN GONA

Ka haɗa wannan darasi da ranar taron ƙungiya, kafin girbi. Ka sa a kawo mota ɗaya, direban ya yi aikin da hannunsa a gaban sauran. Zuba abin da ya fito daga tsohuwar matatar a kwalba mai haske, ka zagaya da ita, domin gani ya kori ji. Ka nuna musu cewa tarakta da injin ban ruwa da injin niƙa masu amfani da dizal duk ƙa'idarsu ɗaya ce.

KAMMALAWA

Canza matatar mai aiki ne da bai kai awa ɗaya ba, matuƙar ka kiyaye tsabta kuma ka fitar da iska yadda ya kamata. Bayan ka gama, ka rubuta kwanan wata da lambar mita a littafin mota ko a jikin gwangwanin. Ka ajiye matata guda ta ko-ta-kwana da spanarta a cikin mota, musamman lokacin jigilar amfani. Idan ka canza matata amma alamomin ba su gushe ba, ka kai motar wurin ƙwararren bakanike, ko ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ya haɗa ka da sashen injiniyoyin aikin gona mafi kusa.