Zaɓen Babbar Jif don Hanyar Daji, Kaya da Jan Tirela

Ƙaramar mota da tayoyi biyu take jan kanta. Idan ɗaya ta faɗa taɓo, sai fasinja su sauko su tura. Babbar jif kuwa injinta yana iya juya tayoyin huɗu gaba ɗaya, shi ya sa ake rubuta mata 4x4 a jiki. To amma kowace jif da aikin da ta fi iyawa.

Mu fara da hanyar daji. Direbobin da ke ratsa rairayi daga Agadas zuwa Dirku da Bilma sun fi amincewa da Toyota, wato Land Cruiser da Hilux. Land Cruiser samfurin 70 ta fito tun 1984, kuma har yau ana ƙera ta. Kujerunta ba laushi, gudunta ma ba na a-zo-a-gani ba ne. Amma tsohon injinta na dizal, 1HZ, mai silinda shida, ba ya dogara da kwamfuta. Idan ya samu matsala, bakaniken gari zai kwance shi da sifana, kayan gyaransa kuma ba wuyar samu.

Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, da Nissan Patrol mai injin fetur V8, sun fi samfurin 70 ƙarfi da daɗin zama nesa ba kusa ba. Sai dai cike suke da na'urori. In wata fitila ta kama a gaban direba, sai an je birni wurin mai na'urar gwaji. Patrol ɗin kuma tana shan mai sosai. A ganina, wanda garinsu ke nesa da kwalta gara ya ɗauki wadda bakanikensa ya sani.

Ka koyi karanta alamomin giya. A Hilux da samfurin 70 za ka ga H2, H4 da L4. Ta farko ta kwalta ce. H4 ta hanyar burji ce da laka. L4 kuwa tafiyar hawainiya ce mai ƙarfi, don hawan tudu, ƙetare kwazazzabo, ko fita idan mota ta kafe. Kada ka bar waɗannan motoci biyu a H4 bisa busasshiyar kwalta, giya za ta lalace. A rairayi mai zurfi direbobi kan rage iskar taya don ta baje, su sake cika ta idan sun fito.

Wurin ɗaukar kaya ne girman jif yake ruɗin mutane. Land Cruiser 300 kimanin kilo 700 kawai aka yarda ta ɗauka, har da mutanen da ke ciki. Mu yi lissafi. Mutum bakwai, kowa kilo 70, sun tashi kilo 490. Saura kilo 210, wato buhu biyu na masara. Hilux mai buɗaɗɗen baya tana ɗaukar kusan tan ɗaya. Saboda haka manomi mai kai hatsi kasuwa a-kori-kura ta fi masa amfani. Duba jikin ƙofar direba ko littafin motar, akwai inda kamfani ya rubuta iyakar nauyi. Kayan da aka lafta a saman rufi su ne mafi haɗari, domin jif doguwa ce, tana iya kifewa a kwana.

Wajen ja, Land Cruiser 300 da Patrol kowacce tana jan tirela mai nauyin kilo 3,500, amma sai idan tirelar tana da nata birki. Idan ba ta da shi, kada ta wuce kilo 750, don birkin motar kaɗai ba zai tsayar da su ba a gangara. Ka jera kaya masu nauyi a tsakiyar tirela, ɗan gaba da tayoyinta. In nauyi ya koma baya, za ta riƙa lilo tana fizgar motar hagu da dama.